Riƙon Kujerar Inna

Alhamis, 8 ga Fabrairu 2024

Saura mako guda Inna ta fita takaba.

Tun bayan sadakar bakwai ta Baba nake zuwa gidan man gyaɗa na Hajiya Zainabu a madadin Inna. Inna tana aiki can tun ina 'yar ƙarama. Ranar da Hajiya ta zo gaisuwa ina durƙushe ina zuba wa mata ruwa, na ji ta da kunnena. Ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Ma'u, ki zauna ki yi takabarki. Wurinki na nan. Ki turo yarinyar ta riƙe miki kujera." Mata suka yi ta sa mata albarka.

Haka ake yi a can. In mace ta haihu ko ta kwanta ciwo, sai ta tura ɗiyarta ko ƙanwarta ta riƙe mata wuri har ta dawo. Mai riƙo rabin abin da ake ba mai wuri take samu.

Aikina tsinta. A zubo mini gyaɗa a faifai, in fitar da ruɓaɓɓu da tsakuwa kafin a kai wurin suya. Kujerar Inna 'yar tsugunno ce, ƙafarta ɗaya ta ɗan gajarta, sai na sa mata ɓallin fasasshiyar tukunya a ƙarƙashi. Ba wanda ke tambayata komai. Hannu kawai ke aiki. Tunda na bar lakwal, wato makarantar boko, bara, lokacin ciwon Baba, ban sami wurin da na ji na iya wani abu ba sai nan.

Ba na so makon nan ya ƙare. Allah Ya yafe mini.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Ladi, wadda ke zama kusa da ni, ta sa mini suna Kurma. Yau ta ce, "Kurma, in gobara ta kama rumfar nan, da hannu za ki nuna mana ko?" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, cikin mayafi.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Inna ta fita. An yi mata kitso, an ƙunsa mata lalle, mun raba waina gida gida. Ta sa zanenta shuɗi. Ta rame, zanen har ya zagaya ta ya yi saura.

Da la'asar ta tsaya ƙofar gida tana kallon hanyar tabki, inda Baba ke ɓullowa da kifi. Tarunsa na nan rataye a zaure. Ba wanda ya taɓa shi.

Ta ce, "Ke, Litinin tare za mu tafi, in yi wa Hajiya godiya."

Litinin, 19 ga Fabrairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun je tare. Matan suka tashi suna rungumar Inna. Hajiya ba ta fito ba. Mahaman ne ya fito, ƙanenta, shi ke kula da ma'aikata da kaya. Ko gaisuwar kirki bai bari an gama ba. Ya ce wanda ya bar aiki wata da watanni ai ya bar aiki, kuma an riga an cika gurbin.

Inna ta ce, "Wa ya cika?"

Ya nuna ni da haɓa.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shiga. Inna ta ce Hajiya ce da bakinta ta ce a riƙe mata. Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya san wadda yake gani kullum a kan kujera. Yarinya tana iya ci gaba, ba a da matsala da ita.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi, ta kalli kujerar, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ke, zauna ki yi aikinki." Ta fita.

Kuma na zauna. Na tsinci gyaɗa har azahar. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, na zauna.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Gida shiru. Inna tana share tsakar gida sau biyu ba tare da ta yi datti ba. In na dawo ina ƙamshin gyaɗa, sai in wuce in yi wanka kafin in gaishe ta.

Rabin nan da nake kawowa ba ya kai mu ƙarshen mako. Da akwai kifin Baba. Yanzu miya ta koma kuka zalla.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Kawu Hamza ya zo daga Ɗan Issa. Yayan Inna ne, ya daɗe yana gadi a Maraɗi, ya san abubuwa. Da ya ji labari ya ajiye kwanon fura.

Ya ce akwai ofishi a Maraɗi na kula da ma'aikata, wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba yana iya kai kuka can. Ba kotu ba ce tukuna, zama ake yi a kira mai aiki a nemi sulhu.

Inna ta ce, "Yaya, matar da ta kawo mana shinkafa ranar makoki? Ita zan kai ƙara? Mi mutane za su ce?"

Ya ce, "Mutanen su ne za su ciyar da ku?"

Ta ce ita ba ta da takarda ko ɗaya da ke nuna tana aiki can. Ya ce duk Madarumfa ta san inda take wuni tun shekaru, wannan ma shaida ce. Suka yi ta ja. Ni ina bayan ɗaki ina wanke kwanoni da na riga na wanke.

Na ji ya rage murya ya ce, "Kin san ranar da kika kai ƙara, ita ma yarinyar ƙila su sallame ta."

Ni kuma kwano ya suɓuce mini.

Talata, 27 ga Fabrairu

An aike ni ɗakin ajiya in ɗauko buhu. Jarkokin mai jere har kusa da rufi, ƙura ta hau su. Tunda aka rufe iyaka masu saye daga Katsina ba su zuwa. Hajiya na ciki zaune kan buhu ita kaɗai, carbi a hannunta amma ba ta ja.

Ta ce, "Rahama, ya Ma'u?"

Na ce lafiya lau, a ƙasa ƙasa.

Ta ce, "Kin ga man nan? Ba ni da abin biyan babba cikakken kuɗinta. Da in sallami uku gara in sallami ɗaya, kuma gidanku bai tashi a banza ba, ga ki nan." Sai ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli.

Na karɓa. A hanya na yi ta tunani. Ba muguwa ba ce. To amma mi ya sa ba ta fito ta faɗa wa Inna haka da bakinta ba, ta bari aka ce Inna ce ta gudu ta bar aiki?

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Maƙwabciya ta tambayi Inna a bakin famfo wai da gaske ne ta yi watsi da aikin Hajiya bayan duk alherin da aka yi mata. Inna ta dawo da bokiti rabi. Ta ce in ara mata waya ta kira Kawu.

Laraba, 6 ga Maris

Inna da Kawu sun je Maraɗi shekaranjiya. Yau takardar kira ta iso wa Hajiya.

Muna jin muryarta daga rumfa. "Ni? Ni Ma'u za ta kai gaban hukuma? Ni da na yi mata zanen suna?" Kuka ne a muryar, ba faɗa ba.

Matan duk suka sunkuyar da kai cikin faifai. Ba wadda ta yi mini magana har aka tashi. Ladi ma ba ta ce Kurma ba. A hanya ta cim mini, ta ce, "Na ji abin da Hajiya ta faɗa ranar gaisuwa, ina wurin. Amma ina da marayu huɗu. Ki ce wa Ma'u ta yafe mini." Ta wuce da sauri kamar an biyo ta.

Talata, 12 ga Maris

Azumi ya kama. Ƙamshin suya da rana azaba ne.

Alhamis, 14 ga Maris

Yau aka yi zaman farko. Kawu ya shigo gida ko sallama bai gama ba.

Abin da ya faru: shi an bar shi a waje, masu magana kawai aka shigar, Inna da Hajiya da Mahaman. Madan, jami'ar da ke sauraro, ta tambayi Inna ko ta bar wani a wurinta lokacin takaba. Inna ta ce e. Aka ce wa? Sai Inna ta ce, "Wata yarinya ce."

Mahaman ya cafe. Ya ce to kun ji da bakinta, wata yarinya ce, ba ruwanta da ita, mu muka ɗauke ta sabuwa da muka ga wuri ya zauna ba kowa. Hajiya ba ta gyara masa ba. Inna ma haka.

Kawu yana ta buga cinya. "Ma'u! Ɗiyar cikinki! Ki ce ɗiyata ce, shi ke nan fa! Kunyar ɗiyar fari har gaban hukuma?"

Inna ta ce, "Bakina bai iya ba, Yaya."

Ni na sani. Ni ce ta fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cewa ɗiyata gaban mutane ba. Ke, ko yarinyar nan, ko mutuniyar. Haka Kaka ta yi wa Kawu, shi ma ya sani, har yau "wancan" take ce masa. Ban taɓa jin haushin abin ba. Ban taɓa zaton zai iya cinye mana abinci ba.

Ashe kafin su taho Kawu ya koma ya roƙi Madan. Ta ce a zo da yarinyar Alhamis mai zuwa, ta ji daga bakinta.

Yarinyar. Ni ke nan.

Asabar, 16 ga Maris

Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ta sa ni na zauna kan tabarma, ta tambayi azumi.

Ta ce ta lura hannuna na da tsabta kuma na yi lakwal. Tana so bayan Salla ta ɗauke ni daga tsinta, in koma wurin zuba mai a kwalba da manna takarda, inda ake zama cikin inuwa. In na yi haƙuri wata rana ni zan riƙa karɓar baƙi.

Zuciyata ta yi tsalle. Ba zan yi ƙarya a nan ba, ta yi tsalle.

Sai ta ce, "Ba na hana ki zuwa Maraɗi. Uwarki ce. Amma kin san ba zai yiwu ki tsaya ki ƙaryata ni ranar Alhamis, ki dawo ki zauna rumfata ranar Juma'a ba."

Na ce to. Kullum to nake cewa.

Litinin, 18 ga Maris

Kawu ya kira a waya ya ce in haddace abin da zan faɗa, kar in je in yi musu tsaye kamar turmi.

Inna kuwa tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke, ba dole. In ba ki iyawa ki zauna. Aikinki ne yanzu."

Da ta ce in je dole, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga Maris

Na gwada faɗin maganar a gaban akuya. Ko ita sai da muryata ta yi rawa.

A lakwal ma haka nake. Ina sanin amsa, Mushe, malaminmu, ya nuna ni, sai harshena ya yi nauyi har ya wuce ga wani.

Yau da za a tashi na cire ɓallin tukunyar daga ƙarƙashin kujera, na sake mayarwa. Ban san dalili ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Mun shiga motar farko. Inna na gefen taga, ni a tsakiya, Kawu yana ta yi mini bita har wani dattijo ya ce, "Malam, bar yarinya ta sha iska."

Ofishin ƙarami ne, da fanka da ba ta juyawa sosai. Madan babbar mace ce mai tabarau, Hausarta irin ta Damagaram. Hajiya da Mahaman suna gefe guda, mu muna gefe guda. Ban kalli kowa ba. Takalmin Hajiya nake kallo.

Madan ta tambayi sunana. Na faɗa. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa. Ta ce shekaruna nawa, na ce sha biyar. Ta ce wa ya kai ni aiki gidan mai.

Ina jin fanka. Ina jin numfashin Inna. Na tuna kwalabe da inuwa, wallahi na tuna su a daidai lokacin.

Madan ta juya ga Inna. "Baiwar Allah, mece ce yarinyar nan a wurinki?"

Inna ta buɗe baki ta rufe. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ga hannunta, lallen fitar takaba bai gama gogewa daga farcenta ba. Mahaman ya gyara zama zai yi magana.

Sai na ji murya ta ce, "Ɗiyarta ce ni. Ta fari. Shi ya sa ba ta faɗi."

Tawa ce. Ta fito da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata.

Madan ta ajiye alƙalami, ta cire tabarau. Ta ce, "Ayya. Uwata ma haka ta yi wa yayana har ta koma ga Allah." Ta ce in ci gaba.

Na faɗi komai. Ranar gaisuwa, butar da ke hannuna, kafaɗar da aka dafa, maganar kujera. Na ce ba ɗaukata aka yi ba, riƙo nake yi, kuma rabi ake ba ni irin na masu riƙo. Na ce duk safiya Inna ce ke tashina ta ce kar in makara a ce ta yi wasa da wurinta. Wannan ba ya cikin abin da Kawu ya koya mini.

Madan ta tambayi Hajiya ko ta faɗi haka. Mahaman ya ce maganar gaisuwa ce, kowa na faɗin irinta a gidan mutuwa. Hajiya ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Na faɗa. Kuma da na faɗa, har zuciyata ne."

Daga nan Madan ta yi magana mai tsawo, ban riƙe duka ba. Ta ce wa Hajiya ba wanda ya ce dole ta riƙe ma'aikacin da ba ta iya biya, amma in kasuwa ce ta faɗi akwai hanyarta: a faɗa wa mutum gaskiya, a ba shi lokaci, a ba shi hakkinsa na shekarun da ya yi. Ba a ba mutum izini sannan a ce ya gudu. Ta ce wa Inna ita ma, nan gaba in za ta daɗe ba ta zuwa, kar ta dogara da maganar cikin taro kawai. Ta ce zaɓi biyu ne a gabansu in suna son a gama a nan: Inna ta koma wurinta, ko a sallame ta da hakkinta cikakke. In ba haka ba sai kotu, kuma kotu ba ta da sauri ga kowa.

Hajiya ta ce ba ta da abin sallama. Ma'u ta dawo bayan Salla.

Aka rubuta, Inna ta dangwala yatsa. Ba wanda ya yi maganata, kuma ba sai an yi ba.

A bakin ƙofa Hajiya ta tsaya dab da ni. Na zaci faɗa za ta yi. Ta ce, "Ashe kina da murya." Ban gane ko yabo ne ko zargi ba. Ta shiga mota.

Juma'a, 22 ga Maris

Ban je ba. Na farka lokacin da na saba, na ɗaura zane, sannan na tuna.

Na yi kuka a bayan ɗaki. Ba na Baba ba ne wannan. Na kwalabe ne, kuma ina jin kunyar hakan.

Kawu yana ta ba mutane labari kamar shi ya yi magana. Ana cewa za a buɗe iyaka. Allah Ya sa man Hajiya ya tafi.

Litinin, 15 ga Afrilu

Salla ta wuce. Yau Inna ta koma.

Ni na yi shara, na ɗebo ruwa, na kai akuya bakin tabki. Wunin ya yi tsawo. Na sauke tarun Baba na kakkaɓe shi, ɓera ya fara ci. Maƙwabci ya ce zai saya, na ce sai na ji farashi daga mutum biyu tukuna. Ya tsaya yana kallona.

Inna ta dawo da la'asar tana ƙamshin gyaɗa. Ta ce Hajiya ta amsa gaisuwarta amma ba ta ƙara komai a kai ba, Mahaman ko kallo. Matan sun saki jiki kaɗan kaɗan. Ladi ta ce a gaida Kurma, wai ta ji labari kurma ta yi wa'azi a Maraɗi. Na ce a ce mata in ta ƙara, zan zo in yi mata nata.

Inna ta ce wa ya sa wa kujera ɓallin tukunya, shekara da shekaru tana fama da gurguwar kujera ba ta yi tunanin haka ba.

Sai ta kwance bakin zane ta ajiye mini ƙuli-ƙuli mai ɗumi a kan tabarma. Ta juya tana kallon bango ta ce, "Hajiya ce ta ce a kawo wa wata yarinya."

Na ce, "Inna, gobe ki ce mata sunanta Rahama."

Inna ta toshe baki da mayafi. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Na tsorata, na zaci kuka ne. Dariya ce. Rabon da in ji ta tun Baba na da rai.

Har yanzu ke take ce mini, kuma haka za ta ci gaba. Ba abin da ya sake. Bakina ne kawai ya fara riga ni, ban san mi ke damunsa ba kwanan nan.